Ƙungiyar yaranmu ta zamiyar ƙanƙara a Minnesota na neman masu ɗaukar nauyi: ta ina zan kama?

Bakatsine a Minnesota ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe kuɗin ƙungiya a ƙasar waje, da kuma 'yan kasuwar da aka saba zuwa wurinsu neman gudummawa.

Ina zaune da iyalina a kudu da Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka. 'Yata ta fari, mai shekara 13, tana tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, irin wanda ake gangarowa daga tudu ana kewaya turaku. Ƙungiyarsu ta yanki ce, ƙananan kulob-kulob na garuruwan da ke kewaye ne suka haɗa kai. Ana horo da yamma bayan an tashi daga makaranta, ranar Asabar a yi tsere, wannan makon a Buck Hill, wani makon a Afton Alps ko Wild Mountain ko Welch Village. Ƙarshen kakar wasa kuma a nufi arewa, Spirit Mountain a Duluth ko Giants Ridge, wanda tafiyar sama da awa uku ce daga nan. Iyaye ne ke tafiyar da komai, ba mai karɓar ko kwabo sai masu horarwa. A taron bana aka ɗora mini aikin nemo masu ɗaukar nauyi.

Kada ku zaci manyan duwatsu gare mu. Buck Hill ɗan tudu ne a bakin babbar hanya ta 35 a Burnsville, tsayinsa wajen mita 100, yaro mai ƙwazo kan gangaro shi kafin minti ɗaya ya cika. Amma a kan wannan tudun Lindsey Vonn ta koyi wasan a hannun Erich Sailer, mutumin Ostiriya, har ta je ta ci zinare a gasar Olamfik ta Vancouver a 2010. Paula Moltzan ma can ta taso. Shi ya sa mutanen nan ba sa ɗaukar abin da wasa.

Kuɗi kuwa wasan yana ci. Muna biyan hayar gefen tudun da muke kafa turaku. Turakun na roba ne, idan sanyi ya yi tsanani sukan tsage. Ga ragar kariya da ake jerawa a bakin hanya don kada yaro ya kauce ya faɗa wa bishiya, ga na'urar auna lokaci, ga rediyon hannu, ga inshora, ga rajista da hukumar U.S. Ski & Snowboard, ga binciken tarihin kowane koci kafin a bar shi da yara. Wannan duk na ƙungiya ne. Na gida kuma daban: takalmin da ƙafar yaro ke fin ƙarfinsa kusan kowace shekara, allunan zamiya kala biyu, da hular kwano mai hatimin FIS, hukumar wasan ta duniya, wadda ta zama dole a babban silalom, wato tseren kewaya turaku masu tazara mai faɗi, da zarar yaro ya shiga rukunin 'yan ƙasa da 14. A daidai wannan shekarun muke rasa yara. Ƙawar 'yata, 'yar Somaliya, da aron takalmi ta gama kakar bara, kuma ta fi yawancin sa'o'inta iya lanƙwasa. Mahaifiyarta ta ce mini bana ba za su iya ba. Wannan maganar ce ta sa na karɓi aikin.

Tun kakar sanyin 2023 zuwa 2024, wadda ba a taɓa ganin mai ɗuminta a jihar nan ba, asusunmu bai farfaɗo ba. Dusar da injina ke fesowa kaɗai muka samu, aka soke wasu tserukanmu, masu rajista suka ragu. Sai kuma wani dillalin motoci da ya daɗe yana saya mana rigunan lamba ya sayar da kamfaninsa, sababbin masu shi ba su san da zamanmu ba.

Yanzu ga inda ya fi damuna. A Minnesota doka ta halatta wa ƙungiyoyin sa-kai su tara kuɗi ta hanyar caca, akwai ma hukumar jiha da ke ba da lasisi. Wadda ta fi yawa ita ce ta 'yan katuna da ake sayarwa a mashaya, mutum ya ɓare ya ga ko ya ci. Ƙungiyoyin wasan yara da dama, musamman na hoki, da wannan suke rayuwa. Wasu a kwamitinmu sun kawo shawarar mu ma mu haɗa hannu da wata mashaya. Mutanen kirki ne, yaran suke so wa alheri, kuma a wurinsu wannan al'ada ce. Ni dai ba zan iya sa hannuna a kai ba. Allah ya haɗa giya da caca a aya guda a Suratul Ma'ida ya ce a nisance su. Na gaya musu haka a fili, suka saurare ni da mutunci, suka ce to kawo abin da zai maye gurbinsa kafin a buɗe rajista. Gaskiyarsu ce.

Na aika wasiƙu ta imel ga wasu manyan kamfanoni, shiru, sai amsar na'ura. To ina tambaya: wane irin ɗan kasuwa ne ke ba ƙungiya irin tamu? Me ake ba shi a madadin kuɗinsa? Kuma akwai wani tarko na haraji da ya kamata in sani kafin in yi wa kowa alkawari?

Hajiya mai lissafi, St. Paul, ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Aikina ke nan, littattafan ƙananan ƙungiyoyi nake dubawa, don haka bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, ita ce ke jefa mutane a rami.

Kafin ka taka shagon kowa, je wurin ma'ajinku ka ga takardar da hukumar haraji ta IRS ta ba ku mai tabbatar da cewa ku 501(c)(3) ne, wato ƙungiyar sa-kai da aka yafe wa haraji, ka kuma tabbata ana cike fam na 990, na rahoton kuɗin ƙungiya, kowace shekara. Ƙungiyar da ta yi shekara uku a jere ba ta cike ba, matsayinta ya faɗi kai tsaye, kuma ƙungiyoyin iyaye sun fi kowa faɗawa wannan, tun da ma'aji kan canja duk lokacin da ɗansa ya girma ya bar wasan. Ka riƙe kwafin takardar da fam na W-9 mai ɗauke da lambar harajinku a jakarka, don su akantan kamfani zai fara nema.

Na biyu, dokar haraji ta bambanta godiya da talla. Idan ka sa sunan kamfani, tambarinsa, adireshinsa da lambar wayarsa a kan rigar lamba ko a kan ƙyallen da ke wurin ƙarewar tsere, godiya ce, ba haraji a kan kuɗin. Da zarar ka rubuta farashi, ko ka ce sun fi kowa, ko ka ce jama'a su garzaya su saya, ya zama talla, kuma ana iya neman ku biya haraji a kansa. Kada kuma ka yarda a ce adadin kuɗin ya dogara da yawan 'yan kallo. Duk kyautar da ta kai dala 250, ku ba da takardar shaida a rubuce.

Na uku, kuma wannan ka karanta wa kwamitinku: kada ku ce iyayen da suka kawo mai ɗaukar nauyi za a rage wa ɗansu kuɗin rajista gwargwadon abin da suka kawo. A 2013 kotun haraji ta tabbatar da ƙwace matsayin wata ƙungiyar iyayen 'yan wasan jimnastik a Virginia saboda irin wannan tsarin. Haka kuma yarinyar nan 'yar Somaliya: kada wani ya ba da kuɗi da sunanta. Ku buɗe asusun tallafi, ku rubuta sharuɗɗansa, mutum biyu ko uku da ba 'ya'yansu a ciki su riƙa zaɓa. Ya fi tsafta a doka, ya kuma fi rufa wa iyayen asiri.

Sai maganar manyan kamfanoni. Jihar nan tana da tarihin bayarwa, ba shakka. Shagunan Dayton's, waɗanda suka haifi Target, sun fara ware kashi 5 cikin ɗari na ribarsu tun 1946, kuma a 1976 'yan kasuwar Minneapolis suka kafa ƙungiyar masu ba da kashi 5, wadda yanzu ake kira Keystone. Amma irin waɗannan kamfanoni suna da fannonin da suka zaɓa da lokacin karɓar buƙata, imel daga baƙo ba ya isa ko'ina. Ƙofarsu ta wajen ma'aikatansu take. Ka zaga da takarda a wurin horo, kowane uba da uwa su rubuta inda suke aiki. Za ka tarar da masu aiki a 3M, General Mills, Medtronic da makamantansu, kuma yawancin manyan kamfanoni suna ninka kyautar da ma'aikacinsu ya bayar, wasu har suna biyan ƙungiya kuɗi saboda awannin da ya yi yana aikin sa-kai. Mutane da yawa ba sa cike fam ɗin don ba wanda ya tuna musu.

Wanda zai sa sunansa a rigarku kuwa na kusa ne: likitan haƙori, asibitin ƙashi da gaɓoɓi, mai gyaran injin ɗumama gida, dillalin gidaje, bankin haɗin gwiwa na unguwa. Su ne ke son iyayen da ke tsaye a gindin tudu su san sunansu. Ka same su tun watan Satumba ko Oktoba, lokacin da suke tsara kasafin baɗi, kafin a buga riguna.

Ragar kariya kuma kada ka ɗora wa 'yan kasuwa. Gidauniyar Kelly Brush da ke Vermont, wadda aka kafa a 2006 bayan yarinyar ta ji rauni a laka a wurin tsere, tana ba kulob-kulob tallafin kayan kariya. Gidauniyar Share Winter na tallafa wa shirye-shiryen koya wa yara wasannin sanyi. Ka kuma nemi National Brotherhood of Snowsports, ƙungiyar baƙaƙen fata masu wasan da ta faro a Aspen a 1973, don ainihin manufarsu ke nan, su ga yaranmu a kan tudu. Kada ku manta da Give to the Max, ranar da jama'ar jihar nan ke ba ƙungiyoyin sa-kai gudummawa ta intanet, a watan Nuwamba.

Alhaji na Kantin Kwari ya rubuta:

Malam Bakatsine, ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin, kuma da na fara karantawa na ce a raina wannan ai wasan masu hali ne, me zai sa a nema musu taimako. Da na zo kan maganar yarinyar da ta ari takalmi sai na fahimce ka. Allah ya saka maka da ka tsaya a kan addininka ba tare da ka ci mutuncin abokan zamanka ba.

Ni atamfa da shadda nake sayarwa, kuma kusan kowane wata sai samarin wata unguwa sun zo neman in saya musu rigunan ƙwallo. Bari in gaya maka abin da ke cikin zuciyar wanda ake roƙo. Mai zuwa ya ce a taimaka da abin da ya sawwaƙa, abin da ya sawwaƙa nake ba shi, ba ya da yawa. Mai zuwa ya ce riga kaza muke so, ga farashin da tela ya faɗa, ga ranar wasan farko, wannan nakan saurare shi, don na san ya yi aikinsa. Zuwa da kai ya fi aike. Ka bar wasiƙa, ka tafi da ƙafarka, kuma ka tafi da wanda mai shagon ya sani. Kada ka je lokacin da ciniki ya kankama.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a karɓa a ɓace, sai baɗi a dawo da sabuwar takarda. Akwai ƙungiya ɗaya da na daɗe ina ba su, dalili kuwa kocinsu yakan zo shago da yaran bayan an gama gasa, ko sun ci ko ba su ci ba, su gaishe ni, ya nuna mini takardar yadda aka kashe kuɗin. Maƙwabtana na layi suna gani. Biyu daga cikinsu ma sun fara bayarwa.

Sannan kada ka raina ƙananan 'yan kasuwar Musulmi da ke can. Na ji akwai Somaliyawa da yawa masu shaguna a garinku. Idan ka gaya musu dalilin da ya sa kake yawon nan, ina kyautata zaton za su ji abin a jikinsu.

Ɗan Damagaram a Grenoble ta Faransa ya rubuta:

Barka ɗan'uwa. Ɗana yana wasan nan a wani kulob da ke hawa Chamrousse, inda Jean-Claude Killy ya ci zinare uku a Olamfik ta 1968. Dokarmu ba taku ba ce, amma wataƙila ka tsinci wani abu.

A Faransa tun 1991 dokar Évin ta hana kamfanonin giya ɗaukar nauyin wasanni don tallata hajarsu. Ka iya ambata wa kwamitinku wannan, don su san ba Musulmi kaɗai ke ganin bai dace a haɗa sunan giya da wasan yara ba. Ba zan ɓoye maka ba, kulob-kulob a nan ma suna shirya daren loto, wani nau'in caca, don tara kuɗi, ni ma nakan zame jikina ranar, in karɓi wani aikin a madadinsa. Abin da ke sauƙaƙa mana shi ne dokar 2003, wadda ke rage wa kamfani haraji da kashi 60 cikin ɗari na kyautar da ya ba ƙungiya, har zuwa yuro 20,000 ko kashi 5 cikin dubu na cinikinsa. Ga kuma tallafin ma'aikatar magajin gari. Ku ba ku da wannan gatan, na sani.

Abu biyu nake ganin za su yi aiki ko'ina. Na farko, nemi kaya ko aiki maimakon kuɗi. Mai gareji ya fi saurin ba da aron ƙaramar bas ranar Asabar da ya ciro kuɗi daga aljihu. Mai ɗab'i ya buga ƙyallaye kyauta, shagon kayan zamiya ya wasa wa yara alluna ya shafa musu kakin zuma a rabin farashi, mai burodi ya kawo na safe ranar tsere. Duk abin da aka ba ku haka, layi ɗaya ne ya fita daga kasafi. Na biyu, kasuwar tsofaffin kaya kafin sanyi ya shigo. Iyaye su kawo takalma da allunan da suka yi wa 'ya'yansu kaɗan, kulob ya sayar ya cire ɗan kaso. Kuɗi ya shigo, kuma yaron da ba shi da hali ya sami takalmi a kan kuɗi kaɗan.

Wata shawara: tun da ku ƙungiyar yanki ce, ku zauna da kulob-kulob ɗin da ke ƙarƙashinku ku raba wa zai je wurin wa. Idan mutum uku suka shiga shago ɗaya da sunan yara ɗaya, mai shagon zai ga ba ku da tsari. Kuma kada ka yi alkawarin hoton yara ko lambobin wayar iyaye ga kowane kamfani sai da izininsu a rubuce.

Bakatsine a Minnesota ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Hajiya, na ga takardar wurin ma'aji, matsayinmu na nan daram, fam ɗin ma ana cikewa. Amma tsarin rage wa iyaye kuɗi gwargwadon abin da suka kawo har an rubuta shi cikin shawarwarin bana. Na karanta musu saƙonki, aka cire. Na kuma zaga da takardar wuraren aiki, sai ga shi wata uwa da muke tsayawa tare muna alƙalancin turaku, kowa da fensirinsa don biro daskarewa yake yi a wannan sanyin, ita ce manajan ofishin wani asibitin ƙashi. Ta ce za ta shigar da ni wurin masu shi.

Alhaji, maganarka ta sa na sake takardar gaba ɗaya. A da shafuka ne da yawa da na cika da tarihin Lindsey Vonn. Yanzu shafi ɗaya ne, kuma ba na sayar wa kowa mafarkin Olamfik, don ba zan iya lamunce shi ba. Abin da zan iya lamuncewa na rubuta: rigunan lamba sababbi da sunan mai bayarwa a ƙirji har kaka uku, ko ɗaukar nauyin tsere ɗaya na ranar Asabar, ko kujera ɗaya a asusun tallafi, wato rajista da aron kaya na yaro ɗaya na kaka guda. Kowanne da farashinsa a gefe, da ranar da za mu kawo rahoto a watan Afrilu. Na je wurin wani mai kantin nama na halal da nake sayayya a wurinsa. Kuɗi mai yawa ba shi da shi, amma ya ɗauki shayi da sambusa na ranar tserenmu na farko, ya kuma ce zai haɗa ni da wani mai kamfanin motocin dakon kaya da suke salla tare. Bai ma nemi a sa sunansa a ko'ina ba, ni na nace.

Ɗan Damagaram, kasuwar tsofaffin kaya ta samu karɓuwa, za mu nemi zauren wata makaranta a Oktoba. Na ambaci dokar Évin, wata uwa da ba Musulma ba ta ce ita ma dama abin bai kwanta mata ba, shiru kawai ta yi.

Kwamiti bai janye maganar cacar ba, ya dai ɗage ta zuwa taron Nuwamba, ya ga abin da zan kawo. Lissafina ya nuna ko duk waɗannan sun tabbata, da sauran giɓi wajen albashin masu horarwa, kuma ba ɗan kasuwar da ke sha'awar biyan albashi, kowa abin da ido zai gani yake so. Ina tunanin in ba da shawarar a ɗan ƙara kuɗin rajista ga masu hali, a faɗa musu ƙarara cewa ƙarin na albashin koci ne, asusun tallafi kuma ya ɗauke wa marasa hali. Hajiya, idan mai ɗaukar nauyi bai rubuta sharaɗi a kan kuɗinsa ba, muna da damar mu karkatar da wani ɓangare zuwa albashi, ko sai mun sanar da shi tun a takardar yarjejeniya?